Daga Suleja Zuwa Jidda: Tafiyar Shekaru Ta Koma Ta Awa Biyar

Kowace shekara idan watan Zulƙida ya kama, babu tambayar da ta fi yawa a bakin maniyyatan Suleja da iyalansu kamar wannan: shin awa nawa jirgi yake yi kafin ya sauka a ƙasa mai tsarki? Amsar da aka saba bayarwa ita ce awa biyar. Wannan amsa gaskiya ce, amma ba ta cika ba. Ranar 15 ga watan Afrilu na 1983 da za a tambayi kowane jami'in alhazai da haka zai ce, kuma ya faɗi daidai. Amma a irin wannan rana ta shekarar 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, sai ga tafiyar awa biyar ta doshi awa bakwai, kuɗin kujera kuma ya tashi, alhali kuwa Suleja ba ta gusa daga inda take ba, Jidda ma haka. Saboda haka ya kamata duk mai niyyar wannan tafiya ya san yadda ake auna nisanta, da abubuwan da kan tsawaita ta ko su gajarta ta.

NISAN TAFIYAR

Suleja tana gindin Dutsen Zuma, a gefen gabas na Jihar Neja. Ita ce tsohuwar Abuja, garin da Sarkin Zazzau Abu Ja ya kafa a 1828. Da Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta tsai da shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sai birnin ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin kuma aka sa masa Suleja don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. Wannan maƙwabtaka ta sa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe ya fi kusa da mutanen Suleja bisa ga na Minna, hedkwatar jiharsu, wadda ke da nisan kamar kilomita 100. A wasu shekaru alhazan jihar sun tashi daga Minna, a wasu kuma daga Abuja.

Daga filin jirgin Abuja zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, in an miƙe sak ba ratse, kimanin kilomita 3,700 ne, watau mil 2,300. Zuwa Madina kuwa kimanin kilomita 3,850 ne. Mutumin Kano ya fi na Suleja kusa, gama daga Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne. Da yake kewayen duniya duka kilomita 40,000 ne, alhajin Suleja yakan ratsa abin da ya kusa kashi ɗaya daga cikin goma na kewayen duniya a zama guda.

Ba a kan taswirar bango ake auna wannan nisa ba, domin taswira shimfiɗaɗɗiya ce, duniya kuwa dunƙulalliya. Misalin abin shi ne a ɗauki duma, a ɗiga alama biyu a jikinsa, a ja zare tsakaninsu ya ɗame. Inda zaren nan ya kwanta nan ne hanya mafi gajarta. In an ja irin wannan zare daga Abuja zuwa Jidda, zai bi ta kusa da Jos da Bauci, ya wuce ta wajen Maiduguri da Njamena, ya ratsa ƙasar Cadi, ya shiga Sudan ta arewacin Darfur, ya ƙetare kogin Nilu arewa da Hartum, sa'an nan ya tsallake Bahar Maliya.

Wani abin lura a nan shi ne, wannan zare ba shi da bambanci sosai da alƙiblar masallatan Suleja. Mai salla a Suleja ba gabas tsantsa yake fuskanta ba, yakan karkata arewa da kamar digiri 25, domin Makka tana arewa maso gabas da garin. Wannan fuskar ce jirgi yake sa wa gaba in ya tashi ya daidaita. Ke nan hanyar da mutum yake duba sau biyar kullum ita ce jirgi zai bi da shi ran da Allah Ya kira shi.

YADDA AKE LISSAFIN AWOYIN

Manyan jiragen da ke jigilar alhazai sukan yi tafiya a bisa tsawon mita 10,000 zuwa 12,000, suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa guda. In aka raba kilomita 3,700 da gudun 850, za a sami awa huɗu da minti ashirin da 'yan kai. Amma jirgi ba ya fara wannan gudu tun daga ƙasa. Sai ya gangara zuwa bakin titinsa, ya jira izini, ya tashi, ya yi ta hawa na kusan rabin awa. Haka kuma in ya doshi Jidda zai rage gudu ya riƙa sauka a hankali, wani lokaci ma a sa shi kewaye a sama har layi ya zo kansa, don a lokacin aikin hajji jirage daga ko'ina cikin duniya suke tururuwa. Har ila yau, jirgi ba ya bin zaren nan daidai-wa-daida, akwai hanyoyi da aka shata a sama waɗanda masu kula da zirga-zirgar jirage na kowace ƙasa suke ɗora shi a kai. Waɗannan duka su ne suke cika lissafin ya kai wajen awa biyar.

Iska ma tana da nata rabo. A can sama akwai iska mai ƙarfin gaske wadda takan tura jirgi daga baya ko ta tokare shi daga gaba. Da damina, daga watan Yuni zuwa Satumba, iskar da ke saman ƙasashen Sahel daga gabas take busowa, saboda haka takan taimaki mai dawowa gida, ta ɗan riƙe mai tafiya. Da hunturu kuwa iskar yamma ce take ƙarfi a saman hamada da Bahar Maliya, sai al'amarin ya juya. Tun da yake watan Zulhajji yana matsowa baya da kamar kwana goma sha ɗaya kowace shekara, yakan kewaye damina da rani da hunturu cikin shekara 33. Shi ya sa tsohon alhaji da sabo za su iya saɓawa a kan tsawon tafiyar, kuma kowannensu yana da gaskiya.

Sai kuma batun agogo, wanda ya fi rikita iyalai a gida. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, tsakanin Suleja da Makka kuwa akwai digiri 32 da ɗoriya. Don haka rana takan riga fitowa a Makka da kamar awa biyu, agogon Saudiyya kuma yana gaba da na Nijeriya da awa biyu cif. Jirgin da ya bar Abuja da ƙarfe goma na dare zai sauka Jidda da ƙarfe uku na dare a agogon gida, amma a can ƙarfe biyar ne na asuba. Wanda ya dubi takarda sai ya zaci awa bakwai aka yi. A dawowa kuma, jirgin da ya bar Jidda da ƙarfe goma na safe zai iso Abuja da ƙarfe ɗaya na rana, sai a ga kamar awa uku ce kurum. Duka biyun awa biyar ce, agogo ne ya sauya. Abin da zai ƙara fito da wannan fili shi ne tafiyar London. Daga Abuja zuwa can kimanin kilomita 4,800 ne, tafiyar awa shida da rabi, ta fi ta Jidda nisa, amma da yake arewa aka nufa, agogon London ɗaya yake da na Nijeriya a rabin shekara, a sauran rabin kuma yana baya da awa guda tak.

Wannan lissafi ya shafi ibada. Mai tafiya gabas yana tarar rana ne, lokutan salla sukan matso masa da sauri, dare ya gajarce. Tazarar da malaman Malikiyya suka ƙayyade don yin ƙasaru, watau mil 48 ko kimanin kilomita 80, jirgi yakan shafe ta cikin minti shida. Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka yana bukatar ya san hukuncin miƙati tun kafin ya hau jirgi, wanda zai fara da Madina kuwa a Zulhulaifa zai ɗauki harami. Waɗannan su ne abubuwan da ya kamata maniyyaci ya tambayi malaman bita tun yana gida.

TAFIYAR DA

Kafin zuwan jirgin sama, wannan hanya ba da awa ake ƙirga ta ba, da shekara ne. Mai niyya daga ƙasar Hausa yakan sallami iyali, ya raba abin da ya mallaka, ya bi ta Barno, ya ƙetare zuwa Wadai da Darfur da Kurdufan, ya kai bakin Bahar Maliya a Sawakin, ya shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Ayarin raƙuma yakan yi kilomita 30 zuwa 40 a wuni, watau abin da jirgi yake ci a awa guda ya fi tafiyar mako uku. Kuma ba a miƙe ake tafiyar ba. In guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi noma ko ƙodago, a tara abin da za a ƙara gaba. Da yawa sun shekara biyar ko fiye kafin su dawo, wasu sun rasu a hanya, wasu kuma sun zauna can sun hayayyafa. Zuriyarsu na nan a Sudan da Hijaz. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu.

Masu hali sun nemi wata hanyar. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya sauke farali ta jirgin ruwa, ya bi ta Ingila. A 1948 kuma wasu attajiran Kano, Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma da aka fi sani da WAPA, wadda ta riƙa kwasar maniyyata a mota zuwa Sudan. Tafiyar shekaru ta koma ta watanni. Har yau akwai wurin da ke amsa sunan Wapa a Fagge ta Kano.

Jirgin sama shi ma ta wannan tsohuwar hanya ya iso ƙasar Hausa. Ran 27 ga watan Oktoba na 1925 jiragen sojan Ingila guda uku suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira, a ƙarƙashin Arthur Coningham, suka bi ta Hartum suna yada zango, suka sauka Kano ran 1 ga watan Nuwamba. Kwana shida ke nan. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano. Daga shekarun 1950 alhazai suka fara komawa jirgin sama, Sardaunan Sakkwato Alhaji Ahmadu Bello ma ya yi hajjinsa na farko a 1955. Da arzikin man fetur ya bunƙasa, aka kafa hukumar alhazai ta tarayya a 1975, a 1977 kuma yawan alhazan Nijeriya ya haura 100,000.

Sauƙin bai zo ba tare da hasara ba. Ran 22 ga watan Janairu na 1973 wani jirgi ƙirar Boeing 707 da ya kwaso alhazai daga Jidda zuwa Ikko ya karkata zuwa Kano saboda rashin kyan yanayi, ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Ran 11 ga watan Yuli na 1991 kuma wani jirgi ƙirar DC-8 da ya nufi Sakkwato ya kama wuta daga tayoyinsa yana tashi daga Jidda, ya faɗi kafin ya sami komawa fili, dukan mutum 261 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya. Duka biyun a bakin fili suka auku, ɗaya wajen sauka, ɗaya wajen tashi. Saboda haka in aka ce an jinkirta tashi don hazo ko don a duba lafiyar jirgi, wannan jinkiri ne da ya cancanci haƙuri. Sannu ba ta hana zuwa.

DA AKA RUFE SAMAN SUDAN

Sudan ita ce gadar alhazan Afirka ta Yamma a ƙasa, ita ce kuma gadarsu a sama. Babban yanki na tafiyar Jidda a samanta ake yinsa. Da faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin ƙasar da rundunar RSF a watan Afrilu na 2023, saura makonni kaɗan a fara jigila, kuma Saudiyya ta ba Nijeriya kujera 95,000 a wannan shekara. Tilas jirage suka nemi hanyar kewaye, ta kudu da Sudan, ta saman Kamaru da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da gabashin Afirka, su ɓullo ta Habasha kafin su kama Bahar Maliya. Tafiyar ta ƙaru da kamar awa biyu.

Awa biyu a bakin mai faɗa ƙaramin abu ne, amma a wurin mai jirgi dukiya ce. Kowace awa ta ƙarin tafiya tana cin mai tan-tan, kuma man jirgi yana daga cikin abubuwan da suka fi cin kuɗi a wannan sana'a. Kowace ƙasa da aka ratsa samanta tana karɓar haraji. Ƙarin mai ƙarin nauyi ne, wanda kan tilasta a rage kaya ko fasinja. Matuƙa da ma'aikata suna da iyakar awoyin da doka ta yarda su yi aiki kafin su huta. Bugu da ƙari, jirgin da yake zuwa ya dawo cikin awa goma na tafiya, in ya koma yin awa goma sha huɗu, sawun da zai yi a mako ya ragu. Alhazai 95,000 a jirgi mai cin mutum 400 suna bukatar sawu kusan 240, ga shi kuwa Saudiyya ta saba rufe karɓar jiragen alhazai ran 4 ga watan Zulhajji. Kamfanonin jiragen Nijeriya suka ƙi sa hannu a yarjejeniyar jigila da farko, sai da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006, ta amince da ƙarin dala 250 a kan kowace kujera.

Ba hanyar gabas kaɗai abin ya shafa ba a wannan shekara. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli na 2023, Jamhuriyar Nijar ta rufe samanta ran 6 ga watan Agusta har zuwa farkon Satumba, jiragen da ke tsakanin Nijeriya da Turai su ma suka shiga kewaye. Ko a gida, a 2017 an rufe filin jirgin Abuja na mako shida daga ran 8 ga watan Maris don gyaran titin jirgi, aka mai da zirga-zirga Kaduna, mutumin Suleja da ke isa fili cikin awa guda ya koma yin tafiyar awa biyu ko fiye. Darasin a bayyane yake. Nisan da ke tsakanin gari da gari ba ya sauyawa, amma lokacin da za a ɓata ya dogara ga zaman lafiyar maƙwabta da ingancin kayan aiki. Manomin da ya sayar da amfanin gonarsa na shekaru a kasuwar Suleja don ya biya kujera, rikicin Hartum ya taɓa aljihunsa ko da bai taɓa jin sunan masu faɗan ba.

AWOYIN DA BA A ƘIRGAWA

Duk wanda ya taɓa zuwa zai shaida cewa zaman cikin jirgi shi ne mafi gajarta a tafiyar. Kafinsa akwai kiran maniyyata zuwa sansani, da awon kaya, da tantance fasfo da takardar rigakafi, da jiran jirgi, wanda kan ɗauki wuni ko kwana. Bayansa kuma akwai layin jami'an shige da fice a zangon alhazai na filin Jidda, wanda aka buɗe a 1981. Daga nan zuwa Makka kamar kilomita 100 ne. Wanda za a wuce da shi Madina kuwa yana da sauran fiye da kilomita 400 a mota, tafiyar da kan ci awa biyar ko shida, daidai da abin da ya yi daga Abuja zuwa Jidda. Wannan ne ya sa hukumomin alhazai suke ƙoƙarin samun izinin sauka a Madina kai tsaye. A 2018 Saudiyya ta buɗe jirgin ƙasa mai sauri na Haramaini tsakanin Makka da Madina ta Jidda, mai tsawon kilomita 450, wanda yake yin tafiyar cikin awa biyu da 'yan mintoci.

Da yawa daga cikin maniyyata dattawa ne, wasu kuma wannan ne hawansu na farko. Iskar cikin jirgi busasshiya ce, dogon zama wuri ɗaya kuma yakan kumbura ƙafa, har ya jawo daskarewar jini ga masu rauni. Likitoci sukan ba da shawarar a riƙa shan ruwa, a riƙa motsa ƙafafu, a tashi a ɗan taka in an ba da dama. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya riƙe maganinsa a jakar hannu, kada ya sa shi cikin babban kaya, ya kuma tambayi likita yadda zai daidaita lokacin sha da sabon agogo. Iyalai a gida su ma su riƙa lissafi da bambancin awa biyun nan, kuma kada hankalinsu ya tashi in ba su ji daga alhajinsu ba da zarar awa biyar ta cika.

Akwai kuma haƙƙi a wuyan hukumomi. Ya kamata a faɗa wa maniyyata gaskiyar hanyar da za a bi da awoyin da za a yi tun a wurin bita, kada a kira mutane sansani sai an tabbatar da jirgi, in kuma an sami ƙarin kuɗi a bayyana dalilinsa dalla-dalla. Kakannin mutanen Suleja sun yi wannan tafiya a ƙasa cikin shekaru, ba su da tabbacin dawowa. Jikokinsu suna yin ta tsakanin sallar isha'i da ta asuba. Abin da ya rage shi ne a kyautata tsarin awoyin da ke gaba da bayan tashin jirgi, a kuma yi ta addu'ar zaman lafiya ga ƙasashen da hanyar ta ratsa. Allah Ya kai alhazai lafiya, Ya dawo da su lafiya, amin.